Ƙanƙarar Malam Bukar

Ko na manta da komai cikin shekarun da na kwashe ina aikin ɗakin gwaji, ba zan manta da ranar da na yi ta karakaina a Kazaure tsakiyar azumi, ni da furfurata, ina neman ƙanƙara ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da ɗakin Dakta Hadiza da fankarsa da firijinsa, kuna tsammanin haka aka gina shi. To, ku gyara zama in ba ku labarin yadda ya kusa zama sito na karyayyun kujeru.

A lokacin ina matakin babban ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen kimiyyar sinadarai na kwalejinmu, muƙamin da ake kira cif. Ga wanda bai san aikin ba, malamai ne ke tsara abin da za a gwada, mu kuma mu auna, mu haɗa, mu wanke, mu tsare kayan aiki. Idan abu ya yi kyau a yaba wa malami, idan kwalba ta fashe a nemi cif. Sunana Umaru, Bafulatani ne ni daga wajen Kanya Babba a ƙasar Babura. Ban gaji shanu ba, saurin fushi na gada, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina zai shaida.

Dakta Hadiza 'yar Roni ce. Tana ɗaliba na fara saninta, ni na koya mata riƙe kwalbar awo, shi ya sa ko bayan ta tafi ƙaro karatu ta dawo da digirin dakta, Baba Cif take ce mini. Ta dawo da wani buri a kanta. Akwai wani irin batir da ba a yi masa caji. Iskar haidurojin ake ɗura masa, ta haɗu da iskar da muke shaƙa, sai ya ba da wutar lantarki, abin da ke fita daga cikinsa ruwa ne kawai, babu hayaƙi babu ƙara. Ni dai batirin iska nake ce masa, ta gaji da gyara mini ta bi ni a haka. Matsalarsa ita ce iskokin nan biyu ba sa haɗuwa da sauri sai da mataimaki, kamar yadda wake ba ya dahuwa da wuri sai an jefa masa kanwa. Kanwar wannan batir kuwa wani ƙarfe ne da ake kira filatinam, ɗan'uwan zinare wajen tsada. Burin Dakta shi ne a yi kanwar da abubuwa masu araha, yadda wata rana batirin zai shiga hannun irin mutanenmu.

Ga yadda ake aikin. Akwai wani ruwan sinadari mai suna anilin. Ana zuba shi cikin ruwan asid a kwalba mai faɗin gindi, a riƙa ɗiga masa wani sinadarin ɗigo-ɗigo ana juyawa. Sai 'yan ƙwayoyinsa su riƙa sarƙewa da juna su zama abin da ake kira folima, dangin roba, ruwan kuma ya rine ya koma kore shar. Abin da ake so shi ne folimar ta fito a ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin ƙara girma na makaranta ba ya ganin su, don iyakar ƙanƙantarsu iyakar aikin da za su yi. Daga baya a tace, a cakuɗa da gishirin baƙin ƙarfe, a busar, a gasa a murhu mai tsananin zafi ba tare da iska ta shiga ba, ya zama baƙin gari. Wannan garin shi ne kanwar. Amma duk aikin ya rataya ne a kan sanyi. Kwalbar tana zaune cikin bahon ƙanƙara tun daga ɗigon farko har a gama, wuni guda cur. Idan ta yi ɗumi sai ƙwayoyin su dunƙule su yi gudaji kamar kunun da aka dama da gaggawa, kuma gudaji ba ya warwarewa. Dakta ta ja jan layi a jikin ma'aunin zafi, ta ce idan ya haura nan, aiki ya lalace.

Mun yi ta gwadawa muna samun gudaji. Anilin ɗin da ta zo da shi ya yi ta raguwa, har ya zama saura na zubi ɗaya, kuma ba abu ba ne da za ka shiga kasuwa ka sayo. Ana cikin haka kwamitin gine-gine ya zauna a kan ɗan ɗakin da aka ara mata. Wanda ya kai maganar shi ne Malam Bukar, jami'in da ke kula da kadarorin kwaleji, Babarbare ne da ya daɗe a Kazaure har 'ya'yansa ba sa jin yaren gida. Yana da gaskiyarsa, kujerun ɗalibai suna jibge a waje rana tana cin su, damina kuma tana tafe. Kwamiti ya yanke cewa idan har bayan salla Dakta ba ta kawo sakamakon da za a duba ba, ɗaki ya koma hannun Malam Bukar. Akwai wani abokin aikinta da zai yi tafiya washegarin salla zuwa jami'ar da ke da babbar na'urar da ke iya ganin ƙwayoyin, shi zai tafi da garin. Tunda busarwa da gashi suna cin lokaci, babu yadda muka iya sai mu yi zubin ƙarshe a cikin azumi.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, irin zafin da ke sa ka ji kujerar babur tana gasa ka ta cikin wando. Mun roƙi sashen abinci aron babban firijinsu, muka cika shi da ƙullin ruwa a leda. Da sassafe ni da Dakta muka je muka duba, muka ƙwanƙwasa na sama muka ji tauri, muka kwashi bokiti guda. Muka jera kaya, muka haɗa injin juyawa da batirin mota don kada wuta ta yaudare mu, ta yi bismilla ta buɗe ɗigon farko. Daga nan babu tsayawa kuma babu komawa baya.

Da hantsi na koma ɗebo wata ƙanƙarar. Na ɗaga ƙulli ɗaya daga ƙasa, sai ya fashe a hannuna. Ɓawo ne kawai, ciki ruwa. Na ɗaga wani, haka. Wutar da ake kawowa ana ɗaukewa ba ta isa ta daskarar da na ƙasa ba, ga shi kuma tun da safe an ce taransifomar unguwar ta ƙone. Na tsaya a gaban firijin ina zazzaga masa faɗa kamar yana ji, har sai da na tuna da azumi a bakina na yi istigfari.

Na hau babur na nufi cikin gari. Wanda bai taɓa neman ƙanƙara a Kazaure da azumin bazara ba bai san wuya ba. A bakin tasha na tarar da 'yan babur daga Gwiwa da Roni da Achilafiya sun jera kuloli tun rana ba ta take ba, suna jiran motar da ke kawowa daga Kano, ita kuwa sai bayan la'asar take isowa. Masu firiji na cikin gari kowa ya ce tasa da masu ita. Wani ya tambaye ni ko mara lafiya gare ni, na ce a'a, kwalba ce. Kallon da ya yi mini bai yi mini daɗi ba, amma ban ga laifinsa ba.

Na dawo kwatas na ma'aikata, gidan Maman Rifkatu. Matar wani ma'aikacinmu na sashen lantarki ce, Kiristoci ne 'yan kudancin Kaduna, sun haifi 'ya'yansu duka a nan. Tana da firiji mai aiki da sola, kuma da azumi kusan duk kwatas a wurinta ake shan ruwan sanyi. Tsarinta shi ne kowane gida da kalar tsummansa. Tana ɗaure bakin ledar da ƙyallen atamfa, wannan kore na gidan wane, wannan mai ɗigo-ɗigo na gidan wance, ba ta taɓa ruɗewa. Ta buɗe mini firijin, na ga ƙanƙara ta gaske jere, har wani hayaƙin sanyi na tashi. Na yi mata bayani a gurguje.

Ta ce, "Cif, wallahi na tausaya maka, amma ba tawa ba ce. Ni ba azumi nake ba, amma na san fuskar mai azumi idan ya aiko da yamma. Me zan ce wa yaran mutane in sun zo da kula?"

Na ce ta faɗi duk abin da take so a ba ta. Ta ɓata rai, ta ce ba ciniki muke ba, amana ce. Sai ta zaro ƙulli biyu marasa tsumma, waɗanda ta ajiye don zoɓon da take sayarwa, ta ce in tafi da su. Sauran kuwa, in mai abu ya zo da bakinsa ya ce a ba ni, za ta ba ni. Na leƙa na ga jan tsumma ya fi kowanne yawa, kusan rabin firijin. Na tambaye ta na wa ne. Ta ce na Malam Bukar, kaɗan na gidansa, sauran na masallacin kwatas, don shi ke ɗaukar nauyin ruwan sanyin masu buɗa-baki a can duk shekara.

Na koma ɗaki na farfasa ƙullin biyu, na barbaɗa gishiri don sanyin ya ƙaru, na lulluɓe bahon da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan kwalba ya fara yin shuɗi, alamar aiki na tafiya daidai. Na gaya wa Dakta abin da na gano. Ta dubi ma'auni, sannan ta ce, "Baba Cif, kada ka roƙi kowa. Ba zan cire ruwan sanyi daga bakin mai azumi saboda kwalbata ba. Balle Malam Bukar. In Allah ya nufa ɗakin nan na kujeru ne, na kujeru ne."

Ta faɗi haka da murya a dake. Na san shekarun da yarinyar nan ta zuba a kan wannan abu. Raina ya ɓaci, kuma tausayinta ya kama ni. Na kuma san tana da gaskiya ta wani gefen, domin a garin nan babu mai kunya da zai dubi mai azumi da rana tsaka ya ce ba ni ƙanƙararka. Aka kira azahar na tafi masallaci.

Sai a sahu abin ya faɗo mini, da na hango ƙeyar Malam Bukar a gabana. Ku yaran yanzu kuna jin wasan Fulani da Barebari kuna ɗauka zolaya ce kawai. Ba haka ba ne. Tsakanin abokan wasa babu kunya kuma babu fushi. Abin da ba za ka iya tambayar ɗan'uwanka na jini ba, za ka iya tsayawa gaban jama'a ka nema a wurin abokin wasanka, kuma in ya hana, shi za a yi wa dariya. Ni da Bukar mun shekara da shekaru muna wannan, kowa na cewa shi ne ubangidan wani. Tun da aka fara maganar ɗaki ne muka ɗan ja jiki da juna, gaisuwa kawai.

Ana sallamewa, kafin mutane su watse, na riga shi zuwa bakin ƙofa na ɗauke takalmansa na riƙe a hammata. Ya fito yana dube-dube, ya gan ni, sai ya murmusa duk da yunwa.

Ya kira ni da sunan da ake tsokanar Fulani da shi, ya ce, "Kai Agwai, yau kuma takalmin ubangidanka ka ɗauko masa? Allah ya yi maka albarka, ajiye a nan."

Na ce, "Bawana, yau haraji na zo karɓa. Duk jan tsumman da ke firijin Maman Rifkatu nawa ne."

Mutane suka fara dariya, aka ja aka tsaya. Ya ce Bafulatani me ya sani game da ƙanƙara, mutumin da bai san abin sha ba sai tsamin nono. Na ce Babarbare fa, da ya taso yana shan ruwan kanwa. Muka ɗan taɓa haka. Da na tsaya a nan, na tabbata da ya ba ni, don wasa ya riga ya ɗaure shi a gaban mutane. Amma sai na ji ba zan iya ba. Wasa yana ba ka damar tambaya, bai ba ka damar yaudara ba. Na ajiye masa takalmansa, na sauke murya na ce, "Bukar, ka ji gaskiyar magana. Ƙanƙarar nan aikin Dakta Hadiza za ta ceta. In ka bayar, aikin ya yi kyau, ɗakin da kake nema ya fita hannunka. In ka hana, kafin la'asar ɗaki ya zama naka. Ita ba ta aiko ni ba, hana ni ma ta yi."

Dariya ta ɗauke. Ya dube ni, ya sa takalmansa, ya ce, "Wato ka zo in ba ka sandar da za ka dake ni da ita." Na ce haka ne. Ya ce, "Mu je in ga abin da zai hana ni ɗaki."

Muka tafi, Liman da wasu 'yan tsiraru suka biyo mu. Da Dakta ta gan mu a ƙofa ta watso mini wani kallo, na yi kamar ban gani ba. Ta rusuna ta gaishe su. Bukar ya leƙa kwalbar, wadda ta fara komawa kore, ya ce, "Wannan ai miyar kuka ce." Ta yi masa bayanin batirin da kanwarsa a taƙaice. Ya saurara hannuwansa a baya, kamar yadda yake yi idan 'yan kwangila na yi masa daɗin baki.

Ya ce, "Dakta, tambaya ɗaya. In wannan abin ya yi, yaushe mutumin Gwiwa zai kunna firiji a gidansa ya daina bin layi a tasha?"

Na yi ta addu'a a zuci ta ce masa nan kusa. Sai ta ce, "Yallaɓai, ba bana ba, ba baɗi ba. Wataƙila ma ba a hannuna zai ƙarasa ba. Kuma ko da ƙanƙarar, yana iya ƙin yi. Abin da na sani shi ne in ba a fara a wani ɗaki ba, ba za a taɓa kaiwa can ba."

Na ce a raina shi ke nan, ta rusa mu. Bukar ya juyo ya dube ni ya ce, "Tun da na kama aikin nan, duk wanda ya zo neman abu a wurina gobe yake ce mini. Yau na ga mai cewa ba baɗi ba." Sai ya ce na gidansa ya bayar, iyalinsa kuwa shi zai ji da su. Amma na masallaci, ko da yake shi ya saya, ya riga ya fita hannunsa, na bakin masu sha ne, sai abin da suka ce.

Liman ya ce, "Iyayenmu da ruwan randa suka yi ta buɗa-baki, kuma azuminsu bai fi namu rauni ba. Ni dai na yafe rabona." Aka yi ta cewa an yafe. Ba kowa ba fa. Wani malamin lissafi ya ce shi kam tun asuba yake mafarkin ruwan sanyi, ba zai bayar da shi don miyar kuka ba, ya yi tafiyarsa. Wani kuma mahaifiyarsa tsohuwa ce mai ciwo, da kanmu muka ce kada a taɓa nasa. Liman ya ce a bar wani abu don tsofaffin da ke zuwa masallacin, aka bari.

Ni da Bukar muka tafi gidan Maman Rifkatu a kan babur ɗina, yana bayana yana cewa Bafulatani bai iya tuƙin komai ba sai jaki. Sai da ta ji daga bakinsa sannan ta buɗe firijin. Ta zuba mana a buhu ta rufe da garin katako don kada rana ta cinye a hanya. Kafin mu gama ɗaurewa, magana ta zaga kwatas. Wata mata ta leƙo ta katanga ta ce a haɗa da koren tsumma, wata ta fito ta ce mai ɗigo-ɗigo ma a tafi da shi, in dai na Hadiza 'yar Roni ne.

Da muka iso, ma'auni ya taɓa gindin jan layin. Ba na son tuna yadda na ji. Na zube buhun, na kama farfasawa da taɓarya, Bukar da babbar rigarsa yana tsugune yana miƙo mini, Dakta tana kwashe narkakken ruwa tana zuba sabuwa. Muka zuba wa ma'aunin ido. Ya tsaya cak na wani lokaci, sannan ya fara sauka a hankali. Dakta ta zauna a kan kujera ta rufe fuskarta da mayafi. Muka ba ta wuri, muka fita baranda muna kwance tsummokara daga ledoji.

Haka muka wuni, tana narkewa muna ƙarawa. Bukar ya koma ofis ya dawo bayan la'asar, wai ya zo duba dukiyarsa. Da rana ta yi ja, aka shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin gwaji, don ni da Dakta ba mu isa mu matsa ba. Liman ya aiko da dabino da tulun ruwan randa. Maman Rifkatu ta kawo zoɓo da kanta tana ba da haƙuri wai babu sanyi, kamar ba ita ta ba mu ƙanƙararsa ba. Daga inda muke zaune muna jiyo ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras a cikin baho, ga ƙishirwar wuni guda a maƙogwaro, kuma babu wanda ya miƙa hannu. Aka kira salla. Bukar ya ɗaga moɗa ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Shekara da shekaru ina shayar da mutane ruwan sanyi, yau Bafulatani ya sa ni shan ruwan wanka." Dakta ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa ban taɓa shan ruwan da ya kwanta mini a rai kamar wannan ba.

Ana idar da magariba ɗigon ƙarshe ya sauka. Muka bar shi ya ɗan ƙara juyawa, muka tace. Abin da ya taru a kan matacin laushi ne lukui, kore mai duhu, babu gudaji ko ɗaya. Sauran kwanakin azumin muka busar, muka gasa, muka wanke, aka ɗura baƙin garin a 'yar kwalbar da ba ta kai ta turare ba, abokin aikinta ya tafi da ita.

Ba zan ce muku mun girgiza duniya ba. Sakamakon da ya dawo ya nuna ƙwayoyin sun fito ƙanana kuma kansu ɗaya, garin yana aikin kanwa, amma bai kama ƙafar filatinam ba, kuma yana saurin gajiya. Dakta ta kai wa kwamiti haka, ba ta ƙara gishiri ba. Kwamiti ya bar mata ɗaki. Bukar kuwa bai yi asara duka ba, don ya sa an kafa rumfar kwano a jikin bangonmu ya jibge kujerunsa, har suka toshe mana taga ɗaya. Na yi faɗa, ya ce ai shi ne ubangidana, fili kuwa nasa ne. Waccan 'yar kwalbar ce ta buɗe ƙofar tallafin da aka sayi sola da firijin da kuke gani, kuma garin da ɗalibanku ke gasawa yanzu ya fi na ranar ƙarfi da juriya nesa ba kusa ba. Da sauran tafiya, amma ana tafiyar.

Abin da na koya, ga shi. Na farko, kafin ku buɗe ɗigon farko, ku fasa ƙulli ɗaya daga ƙasan firiji ku ga cikinsa. Na biyu, a takardar aiki za ku ga an rubuta anilin da asid da ƙanƙara a jere kamar duk daga kanti ɗaya suke, amma a garin nan kowane abu da hannun da yake fitowa, wani ma daga bakin mutum ake cire shi. Ku san mutanen. In za ku nemi abu a wurinsu, ku gaya musu abin da zai ci musu, kuma kada ku ce gobe in kun san ba gobe ba ne. Da ni kaɗai ne da wasana, ƙanƙara zan samu ta wuni ɗaya. Gaskiyar da Dakta ta faɗa ce ta sa har yau mutanen kwatas ke cewa "aikinmu" idan suna maganarsa.

Saboda haka idan azumi ya zo kuka ga ana fitar da ƙanƙara daga firijin ɗakin gwaji bayan la'asar ana kai wa masallaci, kada wani sabon ma'aikaci ya ce ana wasa da kayan kwaleji. Dakta ce ta nemi izini a rubuce, shugaban sashe ya sa hannu. Ƙulli ɗaya kuma a ɗaure shi da jan tsumma a ajiye gefe. Malam Bukar ya yi ritaya, gwiwoyinsa ba sa kai shi ko'ina, don haka ni nake kai masa har gida a kan babur. Kullum sai ya karɓa ya jujjuya shi a hannu, ya ce ƙanƙarar Fulani ba ta da sanyi, sannan ya tambaye ni ko mutumin Gwiwa ya kunna firijinsa. Ina ce masa tukuna. Sai ya ce, "To, a ci gaba da ɗigawa."